Malamin da ke duba min furojet ya saka ni a gaba, Anti ya zan yi?

Salam Anti, dan Allah ki ɓoye sunana da na makarantarmu. Ina ajin ƙarshe a jami'a, saura simesta ɗaya in gama in Allah ya yarda. Malamin da aka haɗa ni da shi ya duba min furojet shi ne ya hana ni sukuni. Da farko lafiya lau muke, har yabona yake wai ina da ƙoƙari, sai ya fara cewa in daina zuwa ofis da safe mutane sun yi yawa in bari sai bayan biyar na yamma, sai kuma saƙo da daddare, "kin yi barci?", "turo hotonki in gani ko karatu kike". Wallahi ban taɓa ba shi fuska ba, in ma na amsa cewa nake ina wuni Dokta, ya maganar babi na biyu. Ran nan na je ofis kawai ya tashi ya sa wa ƙofa makulli, ya ce min shi fa babu wadda ta taɓa fita daga hannunsa da sakamako mai kyau sai wadda ta "gane karatu". Allah ya taimake ni wani ya ƙwanƙwasa na samu na fice. Tun daga ranar babi na biyu yana kan teburinsa wata biyu ke nan bai taɓa ba, kuma yanzu a aji ni ce abin misali, in na yi tambaya sai ya kwaikwayi yadda nake Turanci ya ce irinmu 'yan yankinmu da an bar mu a gida an yi mana aure da kowa ya huta, 'yan aji su yi ta dariya. Ƙawata ta ce in yi haƙuri wata huɗu kamar yau ne, wai wadda ta taɓa kai ƙararsa ita ta sha kunya. A gida kuma ba zan iya faɗa ba, da ƙyar Baba ya yarda na shiga jami'a, yana jin wannan zai ce in tattaro kayana. Ba na iya barci, duk na rame, har na fara tunanin ko shigata ce ko yadda nake gaishe shi. Ni ba na so in tona wa kowa asiri, yana da iyali, so nake kawai in gama lafiya.

Wa alaikis salam ƙanwata. Sannu kin ji, Allah ya fitar da ke lafiya. Duk cikin saƙonki inda raina ya fi ɓaci shi ne inda kika ce kin fara tunanin ko shigarki ce ko gaisuwarki, don haka daga nan zan fara. Ba shigarki ba ce, ba gaisuwarki ba ce. Mutumin da ya faɗa miki da bakinsa cewa babu wadda ta taɓa fita daga hannunsa sai ta "gane karatu" ai ya gama ba ki amsa, kafin ke akwai wasu, kuma na tabbata ba kaya iri ɗaya suka saka ba, abin da ya haɗa ku ɗaya ne kawai, dukkanku sa hannunsa kuke jira. Ki kuma lura da yadda abin ya zo daki-daki, yabo da farko, sai a mayar da lokacin zuwanki sa'ad da kowa ya watse, sai saƙon dare don a gwada ki a gani, sai makulli, da ba a samu ba kuma sai horo. Wanda zuciya ta ɗebe shi sau ɗaya ba haka yake yi ba. Wannan ya saba.

Ita kuma ƙawarki na san don tana sonki ta faɗa, tsoronta ma ba na banza ba ne, amma lissafinta da gyara. Wata huɗun nan fa ba za su ƙare da kansu ba. Babi na biyu yana kan teburinsa, ba za ki shiga na uku ba sai ya sake shi, ba za ki shiga difens (zaman kare furojet a gaban malamai) ba sai ya sa hannu, to in kika yi shiru kina ƙirga kwana, ranar da za a kafe sunayen masu difens ki duba ki ga babu naki, abin da takarda za ta nuna shi ne ɗaliba ce ba ta gama aikinta ba, shi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. A ranar ne za ki buɗe baki, kuma a ranar kowa zai ce ai don ta faɗi ne take neman wanda za ta ɗora wa. Maganar da kika yi yau, kafin a ga sakamako, nauyinta daban da wadda za ki yi bayan ya kayar da ke. Kiki Mordi, 'yar jaridar da ta yi wa BBC binciken nan na malaman jami'a masu neman ɗalibai da maki wanda ya fito a watan Oktoba na 2019, ita da kanta ta ba da labarin cewa wani lakcara ne ya riƙe mata sakamako don ta ƙi ba shi haɗin kai, har ta bar jami'a ba ta gama ba. Kin ga ƙin yarda kaɗai bai cece ta ba.

Amma da na ce ki motsa ba ina nufin gobe da sassafe ki tafi ofishin shugaban jami'a kina kuka ba. Yawancin 'yan mata a irin wannan hali gani suke hanya biyu ce kawai, ko a yi shiru ko a tayar da ƙura kowa ya ji, da yake ta biyun tana da ban tsoro sai a zaɓi ta farko. Alhali a tsakani akwai aiki mai yawa da za ki yi ba tare da kowa ya san kina yi ba, kuma shi ne zai ba ki zaɓi daga baya. Burinki na farko ma ba a kore shi ba ne, burinki ki fita daga hannunsa da furojet ɗinki lafiya. Maganar hukunci tana nan tana jiranki in kin so.

Ki fara da wayarki, yau ɗin nan. Kada ki goge komai, ko da ganin saƙon yana ɗaga miki hankali. Ki yi sikirinshot na kowane saƙo yadda lambarsa za ta fito, ba sunan da kika yi masa sebin da shi kawai ba, don suna kowa zai iya rubutawa, kuma rana da lokaci su fito. In a WhatsApp ne akwai inda ake fitar da hirar gaba ɗaya a tura ta imel, ki yi haka, ki tura wa kanki a imel ɗin da ba wanda ya san lambar sirrinsa, ki kuma ajiye kwafi wurin mutum ɗaya da kika yarda da shi, saboda waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, wani lokacin ma a wurin "sulhu" ake karɓarta a goge komai. Ki duba ko ya kunna saƙo mai ɓacewa da kansa a hirarku, in ya kunna ki riƙa ɗauka da wuri. Kada ki yanke hoton, kada ki cire amsoshinki don kina jin kunyar kin ce masa ina wuni, amsoshin nan naki na "ya maganar babi na biyu" su ne ma suke nuna ke karatu ya kai ki.

Sai littafi. Ki samu ƙaramin littafi ki zauna ki rubuta abin da ya faru tun daga farko, ranar da ya ce ki koma zuwa da yamma, ranar makulli, ƙarfe nawa, me ya ce da kalmominsa ba da naki ba, wa ya ƙwanƙwasa ƙofar in kin gane shi, wa kika fara haɗuwa da shi da kika fito, wa kika faɗa wa a ranar. Ranar da kika miƙa babi na biyu. Kowace lakca da ya yi miki ba'a, da wane kwas ne da su wa ke zaune kusa da ke. Inda ba ki tuna ranar daidai ba ki rubuta wajen kaza ne, kada ki ƙirƙira, don a gaban kwamiti kuskuren rana ɗaya ake kamawa a ce duk labarin ƙarya ne. Mutum yana ganin ba zai taɓa manta irin wannan ba, amma tsoro yana hargitsa tunani, bayan wata uku sai ki ga kina cakuɗa Talata da Alhamis.

Na san wasu za su ce miki ki koma ofis ɗin ki kunna rikodin ki ja shi da hira ya faɗi komai. A'a. Ban yarda ki koma ɗakin da aka taɓa kulle ki a ciki ke kaɗai don neman hujja ba, ran nan wani ya ƙwanƙwasa, gobe ba lallai a samu mai ƙwanƙwasawa ba. Gaskiya ne murya ta taɓa yin aiki, a 2018 muryar wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo, Richard Akindele, ta fita yana neman ɗalibarsa da lalata kafin ya gyara mata maki, jami'ar ta kore shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta kai shi kotu, ya amsa laifinsa, a watan Disamba na shekarar aka yanke masa ɗaurin shekara 2. Amma ki lura ta waya aka naɗi wannan muryar, ba a bayan kulallen ƙofa ba. Sannan dokar naɗar muryar mutum ba da saninsa ba ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka in ta kai ga haka ki tambayi lauya tukuna. Abin da ke hannunki yanzu ma ba kaɗan ba ne.

Daga yau duk maganar furojet ki mayar da ita rubuce. Ki tura masa imel ko saƙo gajere mai ladabi, Dokta ina wuni, na miƙa babi na biyu ranar kaza, ina neman gyara don in ci gaba da na uku, zan iya zuwa ofis a lokacin aiki tsakanin ƙarfe kaza da kaza. Shi ke nan, ba zargi ba habaici. Bayan mako ɗaya in shiru ki sake turawa. Saƙon dare kuwa kada ki sake amsawa ko da da gaisuwa ne, da safe ki amsa abin da ya shafi karatu kawai. In dole sai kin je ofis ki je da rana, ki je da wata ko wani daga cikin waɗanda yake duba wa furojet tare da ke, ki tsaya kusa da ƙofa, in ya ce abokiyar tafiyarki ta fita ki ce tare muke Dokta, in ya matsa ki ce za ki dawo ki juya. Ba rashin kunya ba ne. Kuma za ki ga canji, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, yana ganin imel mai kwanan wata da shaida a bakin ƙofa zai gane cewa yarinyar nan ta fara ajiye lissafi. Wasu daga nan suke sakin aiki su ja da baya. Wasu kuma sai su ƙara zafi, shi ya sa ba za ki tsaya nan ba.

Ki nemi a canza miki mai dubawa. Kusan kowane sashe yana da malamin da ke raba ɗalibai ga masu duba furojet, ga shugaban sashe, ga malamin da ke kula da 'yan ajinku, kuma canza mai dubawa abu ne da ake yi saboda dalilai da yawa, tafiya, rashin lafiya, rashin jituwa. Ki rubuta takarda ki ce aikinki ya tsaya wata biyu, ga ranar da kika miƙa, ga saƙonnin tuni da kika tura, kina roƙon a haɗa ki da wani don ki gama a kan lokaci. Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a ɗaya ki tafi da shi, kada ki yarda da "ajiye kawai za a duba". Wannan takardar ko ba ki ambaci makulli a ciki ba ta riga ta kafa shaida cewa kin yi ƙorafi kafin sakamako.

Amma gaskiya na fi so a samu babba ɗaya a cikin makarantar da ya san ainihin dalilin. Ki zauna ki yi tunani, cikin malaman da suka koyar da ke tun daga ajin farko wa aka sani da tsare gida, mace ko namiji, don ba kowace malama ce za ta tsaya miki don tana mace ba, kuma akwai malamai maza da wannan abin yake ƙona musu rai fiye da yadda kike zato, shi ɗaya yana ɓata musu suna su duka. Kafin ki faɗi komai ki tambaya, in na faɗa miki wata magana dole ne sai kin kai gaba ko za ta iya tsayawa tsakaninmu, saboda a wasu jami'o'in ma'aikaci in ya ji irin wannan dokar aiki ta tilasta masa ya sanar. Gara ki sani tun kafin ki buɗe baki. Kuma in shugaban sashe abokinsa ne na ƙut da ƙut, ki tsallake shi, akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai, akwai sashen ba da shawara, jami'o'i da yawa suna da cibiyar harkokin jinsi ko kwamiti na musamman a kan cin zarafi. Ki nemo littafin dokokin ɗalibai da aka ba ku a ajin farko wanda kowa ke jefarwa ƙarƙashin gado, ko ki duba shafin jami'ar, ki karanta da kanki wa ake kai wa ƙara, cikin kwana nawa, kuma me aka ce game da ramuwar gayya a kan mai ƙara. In ya riga ya ba ki maki a wani kwas kina zargin da gangan ne, ki duba ƙa'idar neman a sake duba takardar jarabawa, yawanci tana da wa'adi.

Waɗannan kwamitocin fa ba daga sama suka faɗo ba, ɗalibai irinki ne suka jawo su. A 1977 wasu ɗaliban Jami'ar Yale a Amurka suka kai makarantarsu kotu a ƙarƙashin dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati, ɗaya daga cikinsu ta ce malami ya yi mata tayin maki mafi girma in ta yarda da shi, da ta ƙi sai ta ga C. Ba su ci shari'ar ba, amma kotu ta yarda cewa irin wannan nau'i ne na nuna bambanci a harkar ilimi, Yale ta kafa tsarin karɓar ƙorafi, sauran jami'o'i suka bi. Kusan shekara 50 ke nan, labarin kamar naki.

In kika yanke shawarar kai ƙara a rubuce, ba zan yi miki ƙarya in ce da daɗi ba. Za a yi miki tambayoyi masu ciwo, me ya kai ki ofis da yamma, me ya sa kika amsa saƙo, me ya sa sai yanzu. Shi kuma ki sa ran zai musa, sannan ya juyo kanki ya ce ke ce maras ƙoƙari ko ke kika kawo kanki, sannan ya koma shi ne abin tausayi mai iyali da ake so a ɓata wa suna. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Jennifer Freyd, tun 1997 ta bayyana wannan salon mataki uku, musu, hari, sai juya lamarin mai laifi ya zama wanda aka zalunta. Na faɗa miki ne don in ya fara kada ki rikice ki ce ko dai ni ce, ki san dama haka ake yi. Ki tafi da wani babba zaman kwamiti in doka ta yarda, kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, kada ki yarda da zaman sulhu ke da shi a ɗaki ɗaya in ba ki so, kuma kada ki miƙa wayarki a tafi da ita, kwafi za ki bayar. Dan Allah kuma kada ki ɗora a Facebook ko TikTok ko guruf ɗin aji cikin fushi, daga nan sai magana ta tashi daga abin da ya yi ta koma ta ɓata suna, ki wayi gari ke ake tuhuma. In kuma ya sake kulle ki, ko ya kai hannu jikinki, ko ya fara bibiyarki a waje, wannan ya wuce hurumin sashe, laifi ne na hukuma, ki nemi lauya ko ƙungiyoyin lauyoyi mata masu taimakawa kyauta a kai ga 'yan sanda.

Wadda ƙawarki ta ce ta taɓa kai ƙara ta sha kunya, ni a wurina wannan labari ne mai amfani, yana nufin wataƙila akwai takarda a wani fayil da sunansa a kai. Ƙara ɗaya ana iya cewa sharri ne, ta biyu daga wadda ba ta san ta farko ba tana da wuyar turewa. Kuma irinsu da shirun mutane suke rayuwa. A 2017 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ostireliya ta fitar da binciken da ta yi a jami'o'i 39, ɗalibai sama da 30,000 suka amsa, cikin waɗanda aka yi wa irin wannan cin zarafi kashi 94 cikin 100 ba su kai ƙara a hukumance ba. Ƙasar da ke da ofisoshi da dokoki ke nan. Don haka ban ga laifinki ba da kike tsoro, kuma in kika ce ke iyakarki a canza miki mai dubawa ki gama ki tafi, ba zan ce kin gaza ba, ke ce a ciki ba ni ba. Ki dai ajiye hujjojinki, bayan kin karɓi sakamako ma kina iya magana.

Sai maganar aji, wadda na ga kamar kin ɗauke ta ƙarama a kan ta ofis. Ba ƙarama ba ce. Malami ya tsaya gaban ɗalibai yana kwaikwayon harshenki yana cewa 'yan yankinku aure ya dace da su ba karatu ba, wannan wariya ce tsagwaronta, ta jinsi da ta asali a haɗe, kuma ko da bai taɓa nemanki ba ita kaɗai ta isa ƙorafi. Wani babban rahoto da cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka suka fitar a 2018 ya nuna cewa irin wannan wulaƙancin, ba'a da ƙasƙanci da nuna wa mace cewa nan ba wurinta ba ne, shi ne nau'in cin zarafin da ya fi yawa a jami'o'i, ya fi neman lalata kai tsaye yawa nesa ba kusa ba, kuma abin da ya fi nuna ko za a yi shi a wuri shi ne ko mutanen wurin suna ganin ana kawar da kai. Wato dai dariyar nan ta 'yan ajinku tana cikin abin da ke ba shi ƙarfi. A wurinki kuma wannan ɓangaren yana da wani amfani, abin da ya faru a ofis ku biyu ne, amma na aji mutum nawa suka gani?

Bari in ɗan juya ga 'yan ajin, don na san irinsu suna karantawa. Na san da yawanku ba don mugunta kuke dariya ba, tsoron kari-oba ne, kowa yana so malam ya ga yana tare da shi. Ba a ce ka miƙe ka yi masa rashin kunya ba. Ka ƙi yin dariyar kawai, aji ya yi tsit ya ji ba'arsa ta faɗi ƙasa. Ka ɗaga hannu ka ce Dokta ni ma tambayar da ta yi ban gane ba, a koma kan karatu. Bayan lakca ki same ta ki ce na ji abin da ya faɗa bai dace ba, in ana neman shaida ina nan. Kilas rep kuma aikinka ba karɓar kuɗin handawut da sanar da canjin lokaci ba ne kawai. Kuma ku tuna wanda ake kwaikwayon harshensa yau ita ce, gobe mai in'ina ne, jibi mai sanda ko wanda addininsa ko ƙabilarsa ba su da yawa a ajin, maza ma ana yi musu, har da neman lalatar, su ne ma suka fi kasa faɗa.

Na bar maganar gida sai yanzu don ita ce mai wuya. Ke kika san Baba, ni ban san shi ba, ba zan ce miki lallai ki same shi yau ba. Amma ina so ki yi tunanin wannan, in abin ya fito ta wata hanya, ko shi malamin ya riga ki ya juya labarin, ko kika ƙara shekara ba bayani, wanne zai fi yi wa Baba ciwo? Ki nemi mutum ɗaya a gida, Mama ko yaya ko wata gwaggo ko kawu da Baba ke jin maganarsa, ki faɗa masa tare da hujja a hannu da kuma abin da kika riga kika yi, ga takardar da na rubuta, ga malamar da ta sani, saura wata huɗu. Iyaye sun fi firgita in suka ga yarinya tana kuka ba ta san inda za ta dosa ba, in suka ga kin riƙe kanki kin kuma ɗauki mataki sau da yawa sai ki ga uban da kike tsoro shi ne zai saka hula ya raka ki ofishin shugaban sashe. Kuma zuwan babba daga gida yana canza yadda ake karɓar magana a ofis, haka abin yake ko mun so ko ba mu so ba.

Batun tona asiri da iyalinsa kuwa, kyakkyawar zuciya ce ta sa kika faɗa, amma shi ya san yana da iyali lokacin da yake murɗa makulli. Rufin asiri ana yi wa wanda ya yi kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba wanda ke amfani da kujerarsa yana cutar 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya ba. Ki duba Suratun Nisa'i aya ta 148, Allah ba ya son a bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Kai kuka wurin wanda zai iya cire miki zalunci ba gulma ba ce, kuma ba a kasuwa na ce ki faɗa ba.

Rashin barcin da ramar ma kada ki raina su. Ki je asibitin makaranta ko wurin mai ba da shawara ki ce kina cikin damuwa, ba sai kin faɗi suna ba in ba ki shirya ba, ki samu a duba ki, kuma rubutun da za su yi a katinki shi ma yana da kwanan wata. Ki ci gaba da rubuta babi na uku a gefe ko bai saki na biyu ba, ki ba wani malami ko ɗalibin digiri na biyu ya duba miki, yadda duk ranar da aka canza miki mai dubawa ba daga farko za ki fara ba.

Yau da daddare sikirinshot da littafi, gobe da safe imel ɗin tuni, cikin makon nan ki nemo dokar makarantarku ki kuma zaɓi malamin da za ki fara samu. In kin rubuta takardar neman canjin ki turo min in duba miki kafin ki kai, ki cire sunaye.